Jarka a Kan Motar Don Aldo

Aldo Peralta yana kwance rigingine a cikin motarsa, takalmansa suna leƙen titi ta ƙofar baya, yana fama ya zagaye jikinsa da alli. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Ya ja layi daga kafaɗa zuwa ƙugu ta hagu, ya mayar da allin ɗaya hannun, sai ya tarar ya gusa, layin farkon ya shige ƙarƙashin bayansa. Ya ja tsaki ya sake gyara kwanciya.

"Don Aldo, tun da sauran numfashinka ka fara awon akwatin gawa?"

Ko bai ɗaga kai ba ya san mai muryar. Doña Zulema ce, maƙwabciyarsa ta tsallaken titi, ta fito da jakar cefane za ta kasuwar Asabar. A nan Don da Doña ake sa wa dattijo da dattijuwa a gaban suna, alamar girmamawa.

"Gado nake aunawa, Doña Zulema. Amma in kin ga awon ya yi kyau sai a ajiye, kada a wahalar da kafinta in ranar ta zo."

"Allah ya shirye ka. Miƙo allin nan."

Ta ajiye jaka, ta hau da ƙyar tana nishi, gwiwoyinta suna ƙara. Ta fara daga kansa ta gangaro ta kafaɗa, tana cewa ya daina motsi, ya matse ciki, ita ba ta da allin da zai zagaye wannan tumbin. Aldo ya yi lamo yana kallon rufin mota. Rabon da wani ya matso kusa da shi haka, har ya ji ƙanshin sabulun wanki a tufafinsa, tun kafin rasuwar matarsa. Ya so a ce aikin ya ɗan ƙara tsawo.

Da ta gama ya tashi, suka tsaya a waje suna kallon zanen. Wani ɗan farin mutum ne kwance a kan baƙin ƙarfe, hannuwansa manne da jiki.

"Ashe ba ka da yawa," in ji ta.

"Shi ya sa nake cewa ba zan tare wa kowa wuri ba."

Motar nan kowa a garin Rufino ya san ta. Lukuta ake ce mata, saboda faɗin bayanta da yadda take rangaji in ta sha kwana. Da ita Aldo ya yi rabin rayuwarsa yana raba ruwan soda gida-gida. Ya ajiye cikakkun kwalabe, ya kwashe waɗanda aka shanye, ya ji wa ta haihu, wa ke asibiti, 'yar wa ta bi saurayi zuwa birnin Rosario. Akwai gidajen da mabuɗinsu ma a hannunsa yake. Da kamfanin ya rufe bara aka sallame shi, sai ya gane abin da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kai ba: duk hirar nan ta bakin ƙofa ce, kuma kwalba ce ke buɗe ƙofar. Mutanenmu ba mugaye ba ne, har yanzu suna ɗaga masa hannu. Amma ɗaga hannu daga cikin mota ba ya cika wa mutum yini, akwai ranakun da rana take faɗuwa Aldo bai tanka wa kowa ba sai rediyo.

Ɗansa ɗaya ne, Gastón, yana can garin Río Grande a ƙarshen kudu, yana aiki a masana'antar haɗa talabijin. Sau ɗaya Aldo ya je, a jirgin sama, aka sauke shi a doguwar kujerar falo. Ya ga yadda suke sanɗa da asuba kada su tashe shi, yadda surukarsa Yanina take shiga banɗaki da kayan aikinta a hannu don ta sa a can, yadda aka hana jikarsa Abril kunna talabijin. Ba wanda ya ɓata masa rai, amma ya dawo tun kafin ranar da ya shirya. A hanya ya yi nazarinsa ya gama: matsalar duk ta wurin kwana ce. In zai zo da ɗakinsa, da murhunsa, da bargonsa, ai shi ke nan. Akwai wani lungu tsakanin bangon gidan da shingen maƙwabta, ya auna shi da ƙafa ranar da ba kowa a gida. Lukuta za ta shiga in an naɗe madubi.

Daga nan ya fara kallon bidiyon yaran nan masu mayar da motocin kaya gida suna yawon duniya. Su teku suke nema da duwatsu. Shi lungun nan kawai yake so, da yarinyar da za ta ƙwanƙwasa masa ƙofar mota in ta taso daga makaranta.

"Shi Gastón ɗin me ya ce?" Doña Zulema ta tambaya tana kakkaɓe alli daga siket. Tana da bakin tambaya, don Yanina 'yar ƙanwarta ce.

"Ya ce za mu gani."

"Za mu gani."

"Eh mana. Ai bai ce a'a ba."

Ta buɗe baki, ta rufe, ta ɗauki jakarta. Doña Zulema ba ta saba haɗiye magana ba, da Aldo yana kallonta da ya lura. Amma idonsa yana kan zanen, yana tunanin ko tukunyar gas za ta shiga ƙarƙashin ƙafafun gadon.

Yau ce ranar yankan farko. Duk abin da ya yi a watannin nan abu ne da ake iya warwarewa. Ya cire katakon jera kwalabe, ya kankare tsatsa, ya tara soso da falankai a gareji, ya yanka kwalaye siffar murhu da wurin wanke-wanke yana jerawa yana sake jerawa. Amma taga a rufi ba ta da komawa baya. Dole ne a yi ta, in ba haka ba numfashin mutum da tururin tukunya za su jiƙa bango a sanyin kudu, haka duk masu bidiyon suka ce. Motar kaya kuwa in an huda mata rufi ta tashi daga motar kaya, ba mai sana'ar da zai sake kallonta. Ya aro injin huda da zarton ƙarfe wurin maƙerin bayan tasha, da sharaɗin ya mayar ranar Litinin.

Ya jingina tsani, ya hau da kwalin da ya yanka daidai girman tagar. Iskar watan Oktoba ta ce ba ta san zancen ba. Yana shimfiɗa kwalin ta ɗauke shi ta jefa cikin furannin maƙwabta. Ya sauka ya ɗauko, ya sake hawa, ta sake ɗagawa. Sai ya sauko ya duba abin da ke kusa da hannu, ya ga jarkar da ya saya don ƙarƙashin wurin wanke-wanke, shuɗiya, da ruwa rabi a ciki. Ya hau da ita ya danne kwalin. Sannan ya laluba aljihu ya ji ba tef ɗin awo, ya sauko nemansa a cikin mota, a can kuma ya ga kwalin murhu ya matsi ƙofa da yawa, ya durƙusa gyarawa. Ya manta da rufi gaba ɗaya.

"Sannu da aiki, maigida. Injinta na asali ne?"

Wani mutum ne a kan keke, ƙafa ɗaya a ƙasa, da hular ma'aikatan layin dogo. Aldo bai san shi ba.

"Na asali. Sau ɗaya aka taɓa buɗe shi, shi ma don ni na matsa."

"Tana shan mai?"

"Tana sha, amma ba ta kai wasu da na sani a garin nan ba."

Mutumin ya yi dariya, ya jingine keke, ya zagaya motar yana bugun taya da ƙafa, har ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Aldo ya bi shi yana bayani, ransa fari ƙal. Ya ba shi labarin shekarar ambaliya, da manyan motoci suka maƙale Lukuta ta ratsa ruwa da kaya cike. Ya daɗe bai sami wanda ya tambaye shi komai ba.

"To nawa ka sa mata?"

"Na sa mata me?"

"Kuɗi mana."

"Wa ya ce maka sayarwa nake yi?"

Mutumin ya ɗaga haɓa ya nuna sama.

Aldo ya ja da baya ya duba. Ga jarka shuɗiya zaune daram a tsakiyar rufi, ana hango ta tun daga kwanar titi. A ƙasar nan ko yaron da bai shiga makaranta ba ya san in ka ga jarka ko kwalba a kan rufin mota a bakin titi, mai ita yana neman mai saye ne. Ba a rubuta komai, ba a buƙata. Shi kansa Aldo da haka ya sayi Lukuta, a ƙofar wani gida a garin Venado Tuerto, da gwangwanin fenti a kanta.

"Kai, tsufa ba daɗi," in ji shi yana dafe goshi. "Kwali na danne da ita."

"To sauke ta da wuri, kafin uwargida ta ji a gari wai ka karye."

Aldo ya yi murmushi bai gyara masa ba. Mai keke ya wuce yana dariya, shi kuma ya ɗora ƙafa a kan tsani. Bai kai ga ɗaga ta biyun ba wata mota mai ruwan toka ta rage gudu, wata mata ta leƙo.

"Aldo! Kai ne? Lukuta za ka rabu da ita? Haba dai!"

Matar marigayi mai kantin magani ce, tsohuwar mai sayen sodarsa. Ta faka ta fito, ta shafa jikin motar kamar ta ga 'yar'uwa, ta ba shi labarin aikin da aka yi mata a gwiwa, da jikanta da ya ƙi karatu ya kama kiɗa. Ta ce soda ta kanti ba ta da ƙarfi, kafin a kai baki ta mutu. Har ta tafi ba ta ba shi sararin cewa komai game da jarkar ba, shi ma bai nema ba.

Ya tsaya a gindin tsani yana kallon sama. Abin da ya kamata ya yi a bayyane yake, kuma ba shi da wuya. Amma a ɗan lokacin nan ya yi maganar da bai yi a mako guda ba, har maƙogwaronsa ya bushe, kuma bushewar ta yi masa daɗi. Ya ce a ransa bari ya gama da murhun tukuna.

Murhun bai ƙare ba har rana ta take. Asabar ce, kowa yana waje, mutanenmu kuma ba sa iya wuce motar sayarwa ko da iska ce kawai a aljihunsu. Masu babur suka tsaya, da wani tsohon malamin makaranta, da wa da ƙane masu gidan burodi da suka yi ta gardama a gabansa kan ko tayoyin za su kai hunturu. Fermín direban tasi, wanda suka yi firamare tare, ya taka birki ya leƙo ta taga.

"Aldo! Akwalar nan da kai za a haɗa, ko daban-daban ake sayar da ku?"

"Daban-daban. Ita tana tashi da safe ba sai an tura ta ba."

"To ni a ba ni jarkar, ita ce mai sauran amfani!"

Aldo ya samo dabara. Ba ya cewa ta sayarwa ce, ba ya cewa ba ta sayarwa ba ce. In an tambayi kuɗi sai ya ce a fara leƙa ciki tukuna. In an leƙa aka ga ɗan mutumin alli dole a tambaya, shi kuma sai ya kama bayani, daga gado har Río Grande. Wasu sun saurara, wasu sun yi ta duba agogo. Can ya hango Doña Zulema ta dawo daga kasuwa, ta tsaya a ƙofar gidanta, ta ajiye jaka, ta ɗaga waya saitin motar. Ya ɗaga mata hannu, ta ɗaga masa, ta shige ciki.

Da rana ta raba, gari ya yi tsit kamar kullum. Aka sauke ƙofofin shaguna, karnuka suka shige ƙarƙashin motoci, kowa ya tafi ƙailula. Aldo ya zauna a bakin ƙofar baya da burodi da cuku, ya cika ƙoƙon mate, shayin ƙasar nan, da ganye, ya zuba ruwan zafi daga filas ya zuƙa. Mate abin zagayawa ne daga hannu zuwa hannu, amma shi ya daɗe yana zuba wa kansa yana miƙa wa kansa. Shirun da ya biyo bayan hayaniyar safe ya fi na kullum nauyi. Kunya ma ta kama shi, irin ta wanda ya ƙoshi a bikin da ba a gayyace shi ba.

Ƙarar babur ce ta katse shirun. Mai shi gajere ne kakkaura, bai kai arba'in ba, da akwatunan roba ɗaure a bayansa, ganyen latas yana leƙowa. Ya kashe babur ya cire hula.

"Barka da rana, Don. Sunana Eloy Choque, ni ke da gonar kayan miya ta bayan maƙabarta. Wata mai sayen tumatir ce ta ce min akwai motar kaya a nan. Na bar matata ita kaɗai a rumfa na taho, kada a riga ni."

Bai bugi taya ba, bai yi barkwanci ba. Ya tsaya yana kallon faɗin cikin motar leɓɓansa suna motsi, Aldo ya san akwatuna yake jerawa a kansa.

"A babur sai in yi ta sawu tun kafin gari ya waye," in ji shi. "In ruwa ya sauka kuma rabin ganyen a hanya yake lalacewa."

Wannan karon dabarar ta ƙi fitowa daga bakin Aldo.

"Ɗana, ka yafe ni. Ba ta sayarwa ba ce. Kwali na danne da jarkar, kuma tun safe ya kamata in sauke ta."

Eloy ya dubi jarkar, ya dubi tsohon, ya share goshi da bayan hannu. Aldo ya jira baƙar magana, ya san ya cancanta.

"To," in ji Eloy. "Allah bai yi ba ke nan."

"Zauna ka sha mate ko ɗaya ne. Ka sha rana."

Eloy ya zauna a ɗaya gefen ƙofar. Aldo ya zuba ya miƙa masa, ya shanye ya dawo da ƙoƙon, Aldo ya zuba nasa. A zagaye na uku Eloy ya waiwaya ya ga zanen.

"Wannan kuma wa aka kashe?"

Aldo ya yi dariya har ya ƙware. Ya tashi ya nuna masa komai: nan gado, nan murhu, nan ɗan tebur mai naɗewa don in Abril ta zo ta yi aikin makaranta. Ya gaya masa yadda zai bi hanyar bakin teku ya yi ta gangarawa kudu, inda zai kwana, inda ake ɗora motoci a jirgin ruwa a tsallaka da su. Eloy bai duba agogo ba. Ya shiga ya ƙwanƙwasa bango, ya tambayi kaurin soson, ya ce a garinsu can kan duwatsu bargon da ke ƙarƙashin mutum ya fi na samansa amfani, don sanyi ta ƙasa yake shigowa. Aldo ya ce zai tuna.

"Ɗanka ya yi sa'a, Don Aldo. Nawa tsohon yana can garinmu Tarija. Ba irin roƙon da ban yi ba ya zo ya ga jikokinsa, sai ya ce wa zai ba awakinsa ruwa."

"Gastón yaron kirki ne," in ji Aldo, kansa ya ɗan fasu. "Aiki ne ya yi masa yawa."

"Haka ne. Bari in sauke maka fitinar nan kafin wani ya sake baro matarsa a rumfa."

Ya hau tsani da sauri ya sauko da jarkar, ya ajiye ta a inuwa, ya miƙa wa Aldo kwalin. Ya dubi babur ɗinsa, ya dubi injin huda da ke gefe.

"Tunda na riga na zo, hau in riƙe maka tsani. Iskar nan za ta iya kayar da kai."

Aldo ya jona wayar injin huda a gareji, ya hau a hankali. Ya danne kwalin da gwiwar hannu ya zagaye shi da alli, ya sake shi iska ta tafi da shi, yanzu ba ya buƙatarsa. Eloy ya miƙo injin. Ya ɗora tsinin a kusurwar farko, ya gyara tsayuwa, ya sa yatsa a makunni. Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihun riga.

Da wani ne da ya bar ta ta gaji. Amma sunan Gastón ya gani, Gastón kuwa ba ya kira. Aldo ne ke kira duk Lahadi, a gaisa a gurguje a ce masa ana kan hanya. Ya kwantar da injin a kan rufi ya amsa. Kunnensa ya fara nauyi, don haka muryar wayarsa kullum a ƙure take, na ƙasa ma yana ji.

"Baba! Tsoho! Yanzu Inna Zulema ta turo wa Yanina hoto. Da gaske ne? Ka sa Lukuta a kasuwa?"

"Gastón, ai ita wannan jarkar..."

"Kai Baba, ba ka san nauyin da ka sauke min ba! Na rantse maka wata da watanni ba na barcin kirki. Mun rasa ta inda za mu fara gaya maka. Yanina ta ce in faɗa, ni na ce a'a, tsohon nan yana da hankali, da kansa zai gane. Ga shi kuwa!"

Aldo ya kama bakin rufi da hannu ɗaya. Rabon da ya ji muryar ɗansa a sake haka, da dariya a cikinta, tun yaron yana gida.

"In gane me?"

"Haba Baba. Kai a mota a gefen gida, cikin sanyin nan? Me maƙwabta za su ce, na bar ubana yana kwana a titi? Mai gidan da muke haya ma ba zai yarda ba. Ga ni da aikin dare, Yanina da na rana, wa zai kula da kai? Kullum sai mu riƙa tunanin ko ka ci, ko gas ya shaƙe ka. Ba zama ba ne wannan, mu da kai duka."

Duk abin da yaron ya faɗa gaskiya ne, Aldo bai sami inda zai kama ya musa ba. Ya jira sauran maganar, wadda za a ce masa to ya bar motar ya zo ya zauna a ciki. Ko kujerar falon ce aka sake yi masa tayi, a yanzu da ya karɓa hannu bibbiyu.

"Ka ga in ka sayar," in ji Gastón, "sai ka sa intanet mai ƙarfi a gida, ka sayi babbar waya, duk Lahadi mu riƙa ganin juna, har da Abril. Ya fi wa kowa sauƙi. Mu kuma in hutu ya zo sai mu duba."

Daga bayan Gastón muryar Yanina ta taso, wasai da ita. "Ka gaishe shi! Ka ce kada ya yarda a taya masa da arha!"

"Ka ji ta ko? Baba? Kana ji na? Iska ta yi yawa a wajenka. Me kake cewa game da jarkar?"

Aldo ya dubi zanen tagar a gabansa, da injin kwance a gefe. Gyara maganar ba wuya, baki kawai zai buɗe. Amma yana faɗa dariyar nan za ta fita daga muryar yaron, shi kuma ya ratsa ƙasar nan kaf don ya je ya tarar da fuskokin da ke ƙoƙarin yin murna. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, da ɗansa a kunnensa yana farin ciki.

"Cewa na yi ta yi aiki," in ji shi. "Tun safe mutane ke zuwa."

"Madalla! Kai ne tsohona. Sai Lahadi, ana kira na."

Aldo ya mayar da wayar aljihu. A ƙasa Eloy yana riƙe da tsani da hannu biyu, ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa kamar yau ya fara ganinsu.

"Karɓi wannan," in ji Aldo, ya miƙo masa injin.

Ya sauko a hankali yana laluben kowane mataki da ƙafa. Eloy ya zare wayar injin, ya naɗe ta da kyau ya kai gareji, ya kwantar da tsani a gindin bango. Sannan ya sa hularsa.

"Don Aldo, na gode da mate. Bari in koma, matata tana can ita kaɗai."

"Kana da lasin tuƙi?"

"Ina da shi."

Aldo ya ciro mabuɗi daga aljihun wando ya miƙa. Eloy bai ɗaga hannu ba.

"Ba sai yau ba, Don. Ka kwana a kai tukuna."

"Ba a sayen mota ba a ji tafiyarta ba. Karɓi mana, hannuna ya gaji."

Eloy ya karɓa. Suka rufe ƙofofin baya. Aldo ya nufi gefen direba, har ya kama marfi, sannan ya sake shi ya zagaya ta gaba. Tun da ya sayi motar bai taɓa zama a ɗaya kujerar ba. Ta fi tasa tudu da tauri, kuma ba komai a gabansa sai gilashi. Ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, ya ɗora su a gwiwa.

Eloy ya gyara madubi, ya murza mabuɗi, injin ya tashi bugu ɗaya. Suka hau titi ba kowa a kai. Da ya zo sa giya ta biyu sai ta yi wata ƙara mai cin rai ta ƙi shiga.

"Yi haƙuri, Don."

"Ba laifinka ba ne. Ba ta son gaggawa a ta biyu. Taka kuloci har ƙasa, ka ɗan jira ta."

Eloy ya taka, ya jira, giyar ta shiga da kanta. Aldo ya kawar da fuskarsa wajen taga.

"Ka gani," in ji shi. "Kwana biyu za ka saba da ita."